Ɗaurin Bahago

Ni ne na cuci Hudu. Da wannan na fara, don kada wani ya karanta wahalar da na sha a ƙasar mutane ya ji tausayina. Wahalar na sha ta, ba ƙarya, amma wadda na ɗora wa Hudu da hannuna ta fi ta nauyi, kuma tunda muka haɗu bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Sunana Sale, mutumin Fagam ne ni, ta ƙasar Gwaram. Karatuna bai yi nisa ba. Da aka zo neman matasan da za a horar su zama malaman gona na sa-kai, su riƙa zagaya ƙauyuka suna koya wa manoma yi wa bishiya aure da rage mata rassa, sai mai unguwarmu ya ba da sunana. A wani lambu da ke bayan garin Birnin Kudu aka tara mu, a hannun wani dattijo, Malam Garba. A nan na haɗu da Hudu, ɗan Sundimina.

Auren bishiya ba wani sihiri ba ne. Za ka yanko ɗan reshe daga mangwaro mai daɗi, ka feƙe gindinsa, ka tsaga kan ɗan mangwaro mai zare wanda aka shuka daga ƙwallo, ka cusa reshen a tsagar, ka naɗe da leda. In ɓawo ya sami ɓawo, sai ya kama ya yi toho. In bai samu ba, sai reshen ya yi baƙi ya bushe. Malam Garba yakan ce, "Reshen nan amarya ce. In kun kai ta gidan miji da datti, ko kun bar ta a rana ta galabaita, ba za ta zauna ba."

Abu biyu ne suka sa muka mai da Hudu abin dariya. Yana da i'ina, in ransa ya ɓaci maganar takan maƙale gaba ɗaya. Sannan bahago ne. Ita kuwa wuƙar aure gefe ɗaya ake wasa ta, kuma duk waɗanda aka raba mana na masu dama ne. In Hudu ya feƙe reshe sai ka ce ɓera ne ya gwaigwaye shi.

Na ce masa a gaban kowa, "Hudu, kai ko bishiya ka yi wa aure sai an je gaban alƙali."

Aka kwashe da dariya, har da shi. Ranar kasuwa ya tafi maƙera, ya sa aka ƙera masa wuƙa mai kaifi ta ɗaya gefen. Tun daga ranar da wuya aurensa ya mutu. Kuma naɗin ledarsa daban yake da namu: mu muna zagayowa ta dama, shi ta hagu, ƙullinsa ma a ɗaya gefen yake ƙarewa. Malam Garba in yana bin layi ba ya tambaya, sai dai ya taɓa da sanda ya ce, "Wannan ɗaurin bahago ne."

Ni kuwa sauri gare ni. Kafin wani ya gama ɗaya na yi nisa. Malam Garba ya sha gaya mini, "Sale, hannunka ya fi hankalinka sauri. Goge wuƙar nan. Cire yatsanka daga fuskar yankan. Rufe rassan nan da jiƙaƙƙen buhu." Ina cewa to, amma a raina ina ganin tsufa ne ke damunsa.

Bayan an sallame mu, aikin ba albashi, sai godiya da ƙwaryar fura. Ana haka wani dillali, Alhaji Tanimu, ya zo da labarin cewa a Gana akwai manyan gonakin mangwaro da ke neman masu aure ido rufe. Ni na fara ɗauka, ni kuma na yi ta zarya Sundimina har na shawo kan Hudu. Ba zan tsaya ba da labarin fitarmu ba, sai magana ɗaya. Mahaifiyarsa, Inna, ta kira ni bakin zaure ta ce, "Sale, ka san ɗan'uwanka. Hannu gare shi, ba shi da baki. Kai ne bakinsa."

Na ce, "Inna, ki ɗauka uwa ɗaya ta haife mu."

A Legas Alhaji Tanimu ya zuba mu a wani ɗaki mai warin kifi, ya karɓi abin da ke hannunmu wai zai yi mana takardu. Kullum gobe. Da ya ga mun fara ɗaga murya sai ya kwashe mu zuwa bakin iyaka, ya tsayar da mu a gindin wata rumfa ya ce, "Ku jira ni, bari in ga mutumina." Har inuwa ta juya, har mai rumfar ta kwashe kayanta, ba Alhaji ba labarinsa. Na kira lambarsa, a kashe. Wani ɗan acaba Bazabarme ya dube mu ya ce, "Mai jar hula? Ku ne na yau ke nan."

Na zauna a ƙasa ina zage-zage. Hudu kuwa ya bar ni a nan. Ya koma bayan rumfar, ya farke ƙugun wandonsa, ya fito da ɗan abin da Inna ta ɗinke masa a ciki. Da shi ɗan acaban ya bi da mu ta wata ɓarauniyar hanya, inda kowane shinge akwai masu sanda da sai ka ajiye musu wani abu. Ni nake magana da ɗan Turancina, Hudu yana miƙawa.

A Kwatano muka maƙale. Ba mu jin yarensu, ba mu jin Faransanci. Muna sauke buhunan shinkafa da rana, muna kwana a barandar wani masallaci, muna jiƙa garin kwaki ba ko sukari. A nan aka ga dole a sayar da waya ɗaya don kuɗin mota. Hudu ya miƙo tasa ya ce, "Ta-taka a bari. Kai ne mai magana." Ban yi masa musu ba, ko na kunya.

Muka ratsa Lome, muka shiga Gana, muka yi ta faɗuwa muna tashi har Kumasi. A zango muka sami wata mai sayar da shinkafa da wake, Mma Salamatu. Hausarta wata iri ce, kamar an wanke ta da ruwan wani gari, amma da na ji ta sai da idona ya kawo ruwa. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Ku 'yan Najeriya, wa ya ce muku a nan kuɗi a kan bishiya yake?"

Na ce, "Mma, mu kam a kan bishiyar muka zo nema."

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ƙara mana taliya da ƙwai ba mu biya ba. Ita ce ta haɗa mu da wani direba da ya san wata gona can arewa da Kumasi, inda ake ɗaukar masu aure.

Gonar ba ta da iyaka a ido. Mai ita ba mu taɓa ganinsa ba, sai helumansa, wato shugaban ma'aikata, wani ƙato mai yawo da bulalar roba yana kaɗa ta a takalminsa. Bai tambayi sunanmu ba. Ni ya kira ni Najeriya, Hudu kuma da ya ji yadda yake magana sai ya kira shi Bebe. Ya ce lada sai ƙarshen aiki, kafin nan abinci da wurin kwana kawai. Wanda aka kora a tsakiya, ba shi da komai.

Da rage rassa aka fara mu. Tsofaffin bishiyoyi ne da suka haɗe kai, rana ba ta shiga. Mu hau da zarto, mu buɗe tsakiya, mu sauke matattun rassa da masu gogar juna. Aikin mun iya shi, amma ba wanda ya gaya mana labarin jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida. Da ka taɓa reshe sai su zubo maka a wuya, su shiga riga, su shiga wando. Ba ka isa ka saki hannu ba, sai ka faɗo. Heluma na ƙasa yana dariya, yana cewa, "Najeriya, rawa kake yi?" Da yamma Hudu yakan zaunar da ni ya tsince mini su daga gashi, ya shafa mini toka.

Ruwan can ba ya gajiya. Kayanmu ba sa bushewa, tabarma na warin ruma. Abincin kullum wani tuwo ne mai tsami da barkono. Nakan rufe ido in ga duwatsun Fagam da yamma, shanu na dawowa, hayaƙi na tashi daga gidaje, in ji ƙanshin miyar kuka har miyau ya tsinke mini. Hudu ba ya maganar gida, sai dai in ya idar da salla ya daɗe yana kallon gabas.

Da aka gama rassa aka mai da mu rumfar dashe. A nan 'yan mangwaron suke cikin baƙaƙen ledoji, kuma da ka gama aure leburori za su kwashe su gauraya da na kowa a ƙarƙashin inuwa. Don a san aikin wa ya kama, na wa ya mutu, sai aka ba kowane mai aure ƙyalle mai launinsa, ya yaga ya ɗaura a gindin duk wanda ya yi. Nawa ja, na Hudu shuɗi. Akwai wani Usmanu, mutumin Burkina, mai jin Hausa kaɗan, nasa rawaya.

A zagayen farko na saki hannu. Heluma ya tsaya a kaina yana jinjina kai, yana nuna ni ga sauran. Kaina ya kumbura. Ban goge wuƙa ba, ban rufe rassa ba, na bar su a rana har suka yi yaushi, ina ta cusawa ina naɗewa. Da lokacin dubawa ya yi, jan ƙyalle ya fi kowane yawa, kuma shi ya fi kowane gawa. Heluma ya ɗora mini bulalar a kafaɗa, a hankali, ya ce, "Ka lalata mini dashe. In ka sake, ƙofa. Ba ko sisi."

Hudu ya ja ni gefe. Ya yaga gefen rawaninsa ya ba ni in riƙa goge wuƙa, ya ce, "Mu r-rage sauri, Sale. Zauna kusa da ni." Na zauna kusa da shi, na bi a hankali na ɗan lokaci. Amma da na ga Usmanu ya fara wuce ni, heluma kuma ya daina tsayawa a kaina, sai na koma gidan jiya.

Mai aure yana gane sakamakonsa kafin kowa. Tun ana saura kwanaki a duba na zagaya rumfar, na ga shuɗi ya yi tsanwa shar, toho har ya fara huda leda, ja kuwa ya yi baƙi kamar an babbake. Na tsaya ina tunanin komawa Fagam hannu rabbana, bayan duk cika bakin da na yi. Ban yi tunanin Hudu ba. In na ce na yi, na ƙara wata ƙaryar.

Ranar Juma'a motar gona takan kai musulmi masallaci a wani ƙauye. Na kwanta na ja zane na ce zazzaɓi. Hudu ya taɓa goshina, ya gyara mini zanen, ya tafi. Da ƙarar motar ta ɓace na tashi na shiga rumfar. A lokacin da jama'a ke sahu, ni ina tsugune ina kwance shuɗi daga masu rai ina ɗaura ja, ina kwance ja daga matattu ina ɗaura shuɗi. Hannun nan nawa mai sauri, ranar ya yi mini aiki. Kafin su dawo na koma na kwanta.

Hudu ya shigo da ƙullin magani da koko a leda. Ya tashe ni, ya riƙe mini kai na sha.

Ranar dubawa aka jera mu. Leburori suna ware matattu gefe guda, tsibin yana girma, kusan duk shuɗi. Heluma ya juyo ya ce, "Bebe!"

Hudu ya fito kamar wanda aka tasa daga barci. Ya durƙusa gaban tsibin, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi a hannu. Ba ƙyallen yake kallo ba, naɗin ledar yake kallo. Ta dama aka zagayo. Ya ajiye, ya ɗauki wani. Ta dama. Ya miƙe ya je wajen masu rai, ya ɗauko ɗaya mai jan ƙyalle, ya ga naɗinsa na hagu da ƙullinsa. Sai ya ɗago ya dube ni. Bakinsa yana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Sa-Sa-Sale... ɗau... ɗaurin."

Ya nuna wa heluma, yana ɗaga ɗaya a wannan hannu, ɗaya a wancan. Maganar ta ƙi fita, ko da Hausa, balle da Turanci. Da heluma ya san abin da zai duba, da magana ta ƙare a nan, domin shaida tana hannun Hudu. Amma shi launi kawai ya sani. Ya juyo gare ni ya ce, "Najeriya, me ɗan'uwanka yake cewa?"

Na ce, "Yana cewa ka yi haƙuri, ba zai ƙara ba."

Wannan Turancin Hudu ya ji shi. Ya daina ƙoƙarin magana.

Masu gadi suka zo su karɓe dashen da ke hannunsa, ya ƙi sakin mai ran. Suka buge shi a gwiwar hannu, suka kai shi ƙasa, suka yi ta shuri. Heluma ya zaro wuƙar nan ta maƙeran Birnin Kudu daga aljihun Hudu, ya duba ta, ya ce ai ga dalili, wuƙar ma a karkace take. Ya ɗora ta a kan dutse ya taka har ta karye. Aka jefo masa jakarsa, aka tura shi waje ana yayyafi. Ba waya, ba kuɗi, ba baki. Na tsaya a layi ina kallon bayansa har ya sha kwana. Bai waiwayo ba.

Usmanu ya matso kusa da ni, ya tofar da yawu dab da ƙafata. Ya ce, "Ni na san hannun kowa a rumfar nan." Bai gaya wa heluma ba, don shi ma baƙo ne mai tsoron bakinsa. Amma daga ranar in na sa hannu a kwano, sai kowa ya janye nasa.

Ƙanwar Hudu takan kira wayata, ta miƙa wa Inna. "Sale, ina ɗan'uwanka? Ba ni shi in ji ko numfashinsa."

"Inna, an mai da shi wata gonar, can babu sabis. Yana lafiya, har ya yi ƙiba."

"To, Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka mai yi maka kamar yadda kake yi masa."

Na ce amin. Me zan ce?

Addu'ar Inna ba ta daɗe ba ta kama ni. A zagaye na gaba ba wanda zan sauya da shi. Usmanu da sauran sun daina barin rumfar ba kowa, ko Juma'a sai sun bar mutum. Na yi ƙoƙarin bi a hankali, amma in na ɗauki wuƙa sai in ga fuskar Hudu. Ja ya sake mutuwa. Heluma ya ce ashe dukkanmu 'yan Najeriya maƙaryata ne. Dukan da aka yi mini ya fi na Hudu, har haƙorina ya fita, amma ba wanda ya kau da kai don tausayi. Na fita ta ƙofar da ya fita, ba ladan ko yini ɗaya.

Daga nan na bi wasu samari zuwa ramukan zinariya a daji. Ruwa har ƙugu, laka har ido. Wanda ke riƙe da mu ya ƙwace wayata a madadin abinci. Rami ya rufta da wani yaro ɗan Nijar da muke cin abinci tare, aka tono shi aka binne, aka ce kowa ya koma aiki. Tari ya kama ni, ƙafafuna suka kumbura. Da suka ga ba ni da sauran amfani, suka ɗora ni a bayan wata mota mai zuwa Kumasi.

Da rarrafe na kai rumfar Mma Salamatu. Ta daɗe tana kallona kafin ta gane ni. Ta ce, "Kai ne mai surutun nan. Ɗan'uwanka ya riga ka zuwa."

Ta ba ni labari tana zuba wa masu saye abinci. Hudu ya iso mata ba takalmi. Ya shiga dako a kasuwa don ya tara kuɗin mota. Wata rana ana sauke kaya, ƙofar bayan wata babbar mota ta ɓalle ta faɗo masa a hannu. Hannun hagu. A asibiti aka cire babban yatsa da manuni. Mutanen zango ne suka yi karo-karo a masallaci suka sa shi a mota zuwa gida.

Na ce, "Ya ce wani abu a kaina?"

"Na tambaye shi ina ɗan'uwanka, ya ce kana can. Sai da zai tafi ya ce in ka biyo in ba ka abinci, wai ba ka iya yunwa ba."

Ta turo mini kwano. Wannan ma bari in faɗa: na ci. Na cinye tas, har na suɗe hannu.

A gidanta na yi jinya, a ɗakin ajiyar gawayi. Da na ji ƙarfi ta roƙi wani direban motar goro ya ɗauko ni a kan kaya har Kano. Na shiga Fagam da rigar da ɗanta ya ba ni.

Mutum zai ce wanda ya ga wannan ya daddara. Ban daddara ba. A majalisa aka tambaye ni me ya sa Hudu ya riga ni dawowa, na ce, "Aikin can ya fi ƙarfinsa. Dashensa ne ya mutu aka sallame shi." Na faɗa sau ɗaya, maganar ta yi ƙafa. Ta je Dingaya, ta je Gwaram, ta je kasuwar Birnin Kudu. Na ji labarin manoma sun daina kiransa ko don ya duba musu lambu, ana cewa a nan ne kawai yake gwani, da aka je inda ake aikin gaske sai asirinsa ya tonu. Shi kuwa Hudu bai kare kansa ba. Ko ya so, kafin ya haɗa jimla ɗaya an tashi daga majalisar. Ni kuma na zama wanda ya yi aiki a Gana. Na daina zuwa kasuwar Birnin Kudu don kada mu haɗu.

Bana aka sake shirya horon sababbin malaman gona a lambun nan dai, Malam Garba ya aiko in zo in taimaka masa da nuni, tunda idonsa ya fara rauni. Na je da sabuwar riga. Ina shiga na ga mutum yana ban-ruwa da garwa a hannun dama, hagun yana cikin aljihu. Ashe Malam Garba ya ɗauke shi aikin ban-ruwa don ya sami na cefane.

Na ƙarasa, na yi sallama, na miƙa hannu. Ya amsa sallamar sarai, ba ko i'ina. Bai dubi hannuna ba. Ya ci gaba da zuba ruwa a layin da nake tsaye, har ya jiƙa mini takalmi, ya wuce.

Aka tara ɗalibai a inuwa. Na nuna musu feƙe, na nuna tsaga, na nuna naɗi, ina ta maimaita maganganun Malam Garba kamar nawa. Aka raba wuƙaƙe kowa ya gwada. Can gefe sai dariya ta tashi. Wata ɗaliba ce daga Dingaya, bahaguwa, wuƙar tana ta zame mata tana gwaigwayar reshe. Wani ya ce, "Malama, wannan auren ko sadaki ba a biya ba ya mutu."

Malam Garba ya ɗaga murya. "Hudu! Ajiye garwar nan, zo ka nuna mata yadda bahago ke yi."

Hudu ya zo a hankali. Ya fito da hannun daga aljihu, dariyar ta ɗauke. Ya karɓi wuƙar, ya maƙale ta a tsakanin yatsun da suka rage, ya kai ta jikin reshe. Ta suɓuce ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka, ya sake. Ta sake faɗuwa. A bayana na ji wani ɗalibi yana raɗa wa na kusa da shi, raɗar da kowa ya ji, "Ai shi ne wanda aka koro daga Gana. Tun yana da yatsun ma kashe dashe yake yi."

Hudu ya ji. Ya sunkuya zai ɗauki wuƙar, ya tsaya a sunkuye, bai ɗago ba.

Ban san lokacin da na ajiye abin da ke hannuna ba. Na ratsa ɗaliban, na durƙusa a cikin lakar da ya jiƙa, da sabuwar rigar tawa. Na ɗaga murya yadda na bayan ma zai ji, domin abin da na ɓata a bainar jama'a na ɓata shi.

Na ce, "Malam Garba, ku saurara, da ku duka. Dashen Hudu bai mutu a Gana ba. Nawa ne ya mutu. Ranar Juma'a, yana masallaci, na kwance alamarsa na ɗaura a matattuna, na ɗaura tawa a masu ransa. Ya gane, ya nuna ɗaurinsa na hagu, aka tambaye ni me yake cewa, na ce haƙuri yake bayarwa. A gabana aka doke shi, aka karya wuƙarsa, aka kore shi. Dakon da ya cinye masa yatsu, ni na tura shi. Da na dawo kuma ni na ce aikin ya fi ƙarfinsa. Duk wanda ya ji waccan maganar, a bakina ta fito, kuma ƙarya ce."

Sannan na juya gare shi. Har lokacin bai ɗago ba.

"Hudu, Inna ta ce ni ne bakinka, na karɓa, na cinye ka da shi. Ba ni da yatsun da zan mayar maka. Sunanka kawai zan iya, kuma zan bi shi kasuwa kasuwa, majalisa majalisa, har ƙofar Inna, in faɗi abin da na faɗa yanzu. Ban ce ka ba ni hannu ba, ban ce ka dube ni ba. Na cuce ka, Hudu. Don girman Allah ka yafe mini."